Masu Ba wa Fili Ƙeya: Jama'ar Lech Poznan Kala-Kala

Duk wanda ya saba zaman gidan kallo ya taɓa ganin magoya bayan Manchester City sun juya wa fili baya, sun sarƙe hannuwa a kafaɗun juna suna tsalle. Aro suka yi. A watan Oktoban 2010 ƙungiyar Lech Poznan ta ƙasar Foland ta je Manchester wasan gasar Europa, Emmanuel Adebayor ya ɗura mata uku rigis, amma dubban baƙin da suka rako ta ko a jikinsu. Ƙeya suka ba 'yan wasa, suka yi ta tsalle abinsu. Masu gida suka ga abin ya burge su, suka kwaikwaya, har yau kuma da sunan birnin suke kiran wannan tsalle. Mako biyu bayan nan City ta je Poznan ta sha kashi 3-1.

Filin Lech yana titin Bulgarska, yana cin mutum sama da 40,000, kuma an buga wasannin gasar Turai ta 2012 a cikinsa. Wanda ya samu kujera ya ƙare wa jama'ar kallo zai gane cewa da yawansu wani abin ne ya kawo su, ƙwallon dai uzuri ce.

Sarkinsu shi ne mai lasifika. Can bayan raga, a ɓangaren da suke kira Tukunya, yake hawa wani dandamali ya fuskanci jama'a, gefensa masu ganga. Shi ke ba da waƙa, shi ke cewa a ɗaga hannu, shi ke harar wanda ya yi shiru. Minti casa'in yana kallon bakin mutane. Idan an ci, a fuskokinsu zai gani. Wanda ya ci kuwa sai ya koma gida ya duba a waya. Shekara da shekaru bai taɓa fashin wasa ba, amma a tambaye shi ko ɗan bayan hagu yana iya tare mutum, sai ya yi ta inda-inda da muryar da ta riga ta dishe.

Nesa da hayaƙin da yaran Tukunya ke tayarwa akwai dattijon reluwe, da tsohon mayafin wuyansa mai shuɗi da fari wanda wanki ya kashe wa launi. An kafa ƙungiyar a 1922 a unguwar Debiec, ta shafe shekaru sama da sittin a ƙarƙashin hukumar jiragen ƙasa kafin su raba gari a 1994, har yau kuma akwai tsohon kan jirgi mai aiki da kwal girke a gaban filin. Baba yana kallonsa kamar ɗan uwa. A wurinsa an gama ƙwallo tun 1983 da 1984, lokacin da Lech ta ɗauki kofin ƙasa sau biyu a jere. Idan hira ta yi daɗi sai ya kai ga 1988, shekarar da Barcelona ta Johan Cruyff ta kasa cin Lech gida da waje, aka tashi 1-1 sau biyu, sai a bugun fenariti ta sha da ƙyar. Jikokinsa sun ji labarin har sun san daidai inda zai tsaya ya girgiza kai.

Sai mai Lewandowski. Wannan ya rantse tun ranar da siririn yaron ya iso daga ƙaramar ƙungiyar Znicz Pruszkow a 2008 ya san duniya za ta ji sunansa. Idan aka tara duk masu cewa suna wurin a wasansa na farko, fili uku ba zai ɗauke su ba. Gaskiyar da ke cikin zancen dai ba ta da yawa: kaka biyu yaron ya yi, ya ci ƙwallo 18 a kakar da Lech ta zama zakara a 2010, ya wuce Borussia Dortmund. Abin da ya fi yi wa mai labarin daɗi shi ne abokiyar gabarsu Legia Warsaw ce ta sallami yaron tun yana matashi bayan ya ji rauni. Nan yake jan zancen, yana lumshe ido.

Kusa da shi akanta ne, ba na ofis ba, na sa-kai. Ana yi wa mutanen Poznan tsiya a Foland cewa hannunsu a dunƙule yake, shi kuma wannan ya haddace kuɗin kowane yaro da makarantar ƙungiyar da ke garin Wronki ta raina aka sayar: Jan Bednarek zuwa Southampton a 2017, Jakub Moder zuwa Brighton a 2020, Jakub Kaminski zuwa Wolfsburg a 2022. Idan matashi ya yanke mutum biyu ya ci ƙwallo, kowa na murna, shi yana ƙara farashi a ransa. Rabin zuciyarsa alfahari ne da iya ciniki, rabi kuma haushin iyalan Rutkowski masu ƙungiyar, waɗanda yake zargi da sayar da sa su sayo akuya.

Ɗan shaƙatawa ba ya buƙatar dogon bayani. Ya zo da yara, ya sayi sabuwar riga, ya bi layin gasasshen sosej, ana cin ƙwallo yana cikin layin. 'Yan Tukunya sun raina shi. Kuɗin tikitinsa dai ba wanda ya raina.

Wanda ya fi kowa aiki shi ne maƙiyin Legia. Ƙungiya biyu yake goyon baya, Lech da duk wadda ta haɗu da mutanen babban birni a wannan makon. Yana da dalilansa, kuma a jere suke. A ranar ƙarshe ta kakar 1993, Legia da LKS Lodz na tseren yawan ƙwallaye, ɗaya ta ci 6-0, ɗaya 7-1, abin ya yi wa hukumar ƙwallon ƙasar wari, ta soke wasannin biyu, kofi ya faɗo hannun Lech da ke ta uku. Magoya bayan Legia har gobe suna lissafa wannan kofi a nasu, shi kuwa jin hakan kaɗai ya isa ya ɓata masa abincin rana. Akwai abin da ba ya so a tuna masa. A watan Mayun 2018 Legia ta zo Poznan wasan ƙarshe tana gaba a ci, masu zafin kai suka yi ta jefa wuta suka karya shinge, aka tsayar da wasa, aka ba baƙi 3-0 a kan tebur, suka zama zakaru. Ɓarna ce tsagwaronta, an kuma rufe wa Lech fili saboda ita, amma a bakinsa kullum laifin wani ne. Abin mamaki, mutumin nan yana da amana. Magoya bayan Arka Gdynia da na Cracovia aminansa ne na shekaru, idan sun zo gari tare ake ci a sha. A 2017 aminan nan na Arka suka doke Lech 2-1 a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, ya rasa wanda zai zaga, ya koma kan nasa 'yan wasan.

A can ƙarshen layi mai mugun fata ne zaune, hannu a haɓa. Lech na cin biyu ya ce lokaci na da sauran yawa. Ba a iya ƙaryata shi, domin ƙungiyar da ta fitar da Juventus daga gasar Europa cikin dusar ƙanƙara a Disambar 2010 ita ce Zalgiris ta Lithuania ta kora a 2013, Stjarnan ta Iceland ta sake kora a 2014. Da suka ɗauki kofin ƙasa a 2022, shekarar cikarsu ɗari, gari ya ɗinke da murna, shi ya ce a jira Yuli. Yuli ta zo, Qarabag ta lallasa su 5-1 a Azerbaijan. A wannan kakar dai suka kai zagayen 'yan takwas a gasar Conference, har suka ci Fiorentina 3-2 a gidanta, sai ya tunatar da makwabtansa cewa a wasan farko an sha su 4-1 a Poznan. A 2025 suka ɗauki kofi na tara da ratar maki ɗaya tak a kan Rakow, bayan cin Piast Gliwice 1-0 a ranar ƙarshe. Alƙali na hura tashi ya rungumi na kusa da shi, ya share hawaye, sannan ya ciro waya ya fara duba ƙungiyoyin da za a iya haɗa su da su a wasan share fage.