Masu Keji da Masu Waya a Gonin Gora

Matafiyin da ya taso daga Abuja, da ya iso Gonin Gora ya san ya shigo Kaduna. Ta tagar mota zai ga gidajen mai, masu gasa masara da shagunan walda. Abin da ba zai gani ba yana bayan katanga. Fulotin gida a nan, kamar sauran unguwannin da suka bunƙasa a ƙaramar hukumar Chikun, yawanci ƙafa hamsin ne da ƙafa ɗari. Kafin a fitar da ɗakunan haya da rijiya da wurin ajiye mota, abin da ke saura wa dabba ɗan lungu ne tsakanin bangon kicin da katanga. A lungun nan ake kiwon kaji da zomaye da karnuka da tarwaɗa. Cikin ɗaki kuwa, a wayoyin yaran gidan, akwai wasu dabbobin marasa numfashi da suka fi su samun fili.

Na farko a layi shi ne Mai Lissafin Kirsimeti. Ma'aikacin gwamnati ne, kuma da watan Oktoba ya kama sai ya ɗauko biro. 'Yan tsaki ba su da wuyar samu, tunda a kan hanyar Abujar nan kamfanin Olam ya kafa masana'antar abincin kaji da wurin ƙyanƙyasa, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Satumban 2017. Kwali ɗaya tsaki hamsin. Mutumin namu yakan sayi kwali uku, ya juye su a tsohon ɗakin ajiya mai mita biyu da mita uku, ya kunna musu fitila, ya ja da baya yana murmushi. Ɗakin har fili ya rage. Ya lissafa kuɗin abinci, kuɗin allurar Gumboro da Lasota, kuɗin garin katako, har da ribar da zai sayi talabijin da ita. Abu ɗaya ne biron bai rubuta ba: tsaki yana girma. Kazar gidan gona takan kai kilo biyu cikin mako shida zuwa bakwai, kuma shawarar masana ita ce kada a wuce kamar goma a murabba'in mita guda. Ɗakinsa na kaza sittin ne, ya zuba ɗari da hamsin.

Da sanyin hunturu yakan sha da ƙyar, ya sayar, ya ce ai ya gano sirrin sana'a. Daga nan ne tsautsayi ke kiransa, domin sai ya maimaita don bikin Ista. Zafin Maris da Afrilu a Kaduna ba ya wasa, kaza kuma ba ta gumi. Baki kawai take buɗewa tana haki. Warin kashi ya cika ɗakin har yana sa mai shiga hawaye, kullum da safe a kwashe biyar ko shida. In ka tambaye shi, laifin na mai sayar da abinci ne, ko na maƙiya, ko kuma murar tsuntsaye ce ta dawo. Cutar gaskiya ce, kuma a jihar nan aka fara tabbatar da nau'inta na H5N1 a duk Afirka, a wata gona da ke Jaji cikin Fabrairun 2006. Amma tun daga lokacin ta ɗauki laifin kaji masu yawa waɗanda cunkoso ne ya kashe su. Idan likitan dabbobi ya ce, "Oga, ka rage su," amsar a shirye take: "Dakta, in na rage su ina ribar?"

Uwargidansa ta fi shi tsari. Ita Madam Mai Ƙwai ce, ta yi adashi ta sayo kejin waya mai hawa-hawa, ruwa na bin bututu, ƙwai na gangarowa da kansa. Duk baƙuwar da ta zo sai an kai ta ta gani, ana cewa irin na Turai ne. Haka ne, na Turai ne, sai dai Turawan sun yar da shi. A irin wannan kejin dokarsu ta ba kowace kaza murabba'in santimita 550, abin da bai kai faɗin farar takardar A4 ba, wadda ke da kusan 624. Tarayyar Turai ta haramta shi daga farkon 2012, ta ce sai 750 tare da sandar hawa da wurin yin ƙwai. Madam ba ta ga abin damuwa ba. Kajinta ba sa yawo, ba sa shiga gidan kowa, ba a taɓa kai ta ƙara ba.

Ɗansu ne Manomin Waya. Gonarsa tana cikin Hay Day, wasan da kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar a 2012. A can akurki ɗaya kaza shida yake ɗauka, ko ka yi kuka ba za a bar ka ka ƙara ta bakwai ba. Kowane minti ashirin suna ba shi ƙwai. Ba kashi, ba wari, ba ɓera, ba muzuru, kuma kazar da aka bari da yunwa ba ta mutuwa, jira kawai take yi. Yaron nan ya san lokacin da kowace saniyarsa za ta kawo madara, yakan farka tsakar dare don kada alkamarsa ta kwana a gona. Uwarsa na ƙwala masa kira daga kicin, "Ka ba kajin nan ruwa?" Shi kuma ba tare da ya ɗaga kai ba zai ce, "Na ba su, Mama." Bai yi ƙarya ba. Kajin da take nufi ne dabam.

A yi masa adalci, ba shi ya fara ba. Tun 1996 kamfanin Bandai na Japan ya fito da Tamagotchi, wata 'yar na'ura mai siffar ƙwai da ake ciyar da halittar cikinta, in an yi sakaci ta mutu, har makarantu suka riƙa hana shiga da ita aji. Iyayen da ke yi wa yaro faɗa yau, wasunsu su ne suka ƙarar da kuɗinsu a shagon intanet suna shuka a FarmVille bayan fitowarsa a Facebook a 2009. An rufe wannan gonar a ranar ƙarshe ta 2020, ba wanda aka biya diyyar ko tunkiya ɗaya.

Sama da Manomin Waya akwai yayansa, Injiniyan Gidan Zu. Ɗalibi ne, yana da kwamfutar cinya, kuma duk sa'ar da aka kawo wuta sai ya buɗe Planet Zoo, wanda kamfanin Frontier na Ingila ya saki a Nuwamban 2019. Wannan wasan ba ya ɗaga ƙafa. Kowace dabba tana da adadin filin da take bukata, da irin ciyawa, da yanayin zafi, da inuwa, da yawan 'yan'uwan da za ta zauna da su. In fili ya gaza, ma'aunin jin daɗinta sai ya koma ja, masu zanga-zanga su shigo da alluna, mai duba gari ya zo ya ci tara. Saboda haka Injiniya ya haddace abin da raƙumin dawa ke so da abin da ke ɓata wa dorina rai. Zai iya yi maka lacca kan 'yanci biyar na dabba, waɗanda suka samo asali daga rahoton kwamitin Brambell na Birtaniya a 1965: kada ta ji yunwa da ƙishi, kada ta takura, kada ta zauna da ciwo, kada ta zauna cikin tsoro, a kuma bar ta ta yi halinta na dabba. Ya san cewa ko a Minecraft, a sigar kwamfuta, dabbobi suka wuce 24 a cushe wuri ɗaya sai su fara mutuwa.

Zomayensa kuwa suna cikin tsohuwar durowar kicin da aka ɓalle wa ƙofa aka buga waya. Ba sa iya miƙewa a kan ƙafafun baya, abin da zomo ke yi sau da yawa a rana in ya sami hali. Ya ce na wucin gadi ne. Tun suna biyu yake faɗin haka, yanzu sun zama tara.

Oga Mai Kare shi tsoro ne ma'auninsa. Ya sayi ɗan kwikwiyo irin na waje, ya kira mai walda ya ce a yi masa keji. Mai walda ya dubi kwikwiyon, ya yi irin wanda yake yi wa janareta, har da kwaɗo. Bayan wata takwas kare ya cika kejin, in zai juya sai ya yi dabara. Rufin kwano ne, rana na dukansa tun daga hantsi. Oga yana da ilimin da ya gada daga wani abokinsa: wai in kare bai ga mutane ba ya fi zafi. Zafin kam yana yi. Da dare in an sake shi, wanda ya fara kora shi ne ɗan hayan da ya dawo aiki a makare, sai mai kawo ruwa da asuba. Ɓarawo kuwa ya riga ya san ƙarfe nawa ake sakinsa. A ƙofar gida an rubuta gargaɗi da jan fenti, kuma ita ce gaskiya mafi tsabta a duk layin.

Mai Tarwaɗa ba ya ɗaukar lokaci. Ya yanke kan tankin roba, ya zuba 'ya'yan kifi ɗari biyar, ya dogara da cewa tarwaɗa na iya shaƙar iska in ruwa ya ɓaci. Bai rarraba su bisa girma ba, tarwaɗa kuma babba na cin ƙarami. Ranar kwasa ya ƙirga ɗari biyu masu ƙiba, ya kori yaron da ke ba su abinci.

Wadda ta fi wuyar yi wa magana ita ce Mama Mai Aku, don ita da ƙauna take kiwo. Akunta na cin gyaɗa daga hannunta, yana kiran sunan jikokinta, yana kwaikwayon ƙarar wayarta har ta tashi da gudu. Kejinsa zagayayye ne, an rataye a baranda, faɗinsa bai isa ya buɗe fikafikai biyu a lokaci ɗaya ba. A dajin da aka kamo shi cikin garke yake tashi, kuma yana iya rayuwa shekara arba'in ko fiye. Da kaɗaici ya ishe shi sai ya fara fige gashin ƙirjinsa, Mama ta ce ƙaiƙayi ne ta shafa masa man kaɗanya. Farautar irinsa ta yi yawa har taron CITES na 2016 a Johannesburg ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. A Suwizalan ma, tun 2008 doka ta hana ajiye dabba mai son jama'a ita kaɗai, ko da ɓeran Masar ne sai an haɗa shi da ɗan'uwa. In jikanta ya karanta mata wannan daga waya, sai ta ce, "Kai, rufa mini baki. Ni ba 'yar'uwarsa ba ce?"

A ɗaya gefen akwai Kaka Mai Saki, wadda ba ta yarda da keji ba sam. Ta riga yawancin gidajen nan zuwa, lokacin da wurin gonaki ne, kuma har yau ba ta amince an raba filin ba. Kajinta na gida da awakinta uku suna fita da safe su dawo da magariba. Ta ɗaura wa kowace kaza ƙyalle a fiffike don shaida. A takardar Injiniya, dabbobinta ne suka fi kowa cin maki: suna tono, suna wankan ƙasa, suna bin fara. Kuɗin wannan 'yancin maƙwabta ne ke biya, da alayyafon da suka shuka da garin da suka shanya. Shaho na ɗaukar rabonsa, babban titi na ɗaukar nasa. In akuya ta ci kayan miyan wani aka je gaban mai unguwa, Kaka takan tambaya ko shi mai lambun bai san ana yin shinge ba.

Mai Tantabara ya tsaya a tsakiya. Ɗakin tsuntsayensa akwatuna ne da tsofaffin tukwane a jikin katanga, ƙofa a buɗe, su tashi su zaga unguwa su dawo don kansu. Da yamma yana tsaye yana fito, yana watsa dawa. Ana iya cewa ya warware matsalar, in ba don dawar tasa na jawo tantabarun wasu ba, kuma wadda ta sauka ta kwana biyu ya riga ya raɗa mata suna.

Yawancin masu keji a unguwar nan a ƙofar mutum ɗaya suke haɗuwa, wato kafintan bakin hanya. Shi ne ainihin mai kafa dokar faɗin keji a Gonin Gora, ko da yake bai taɓa zama ya karanta halin zomo ba. Katako yana zuwa da tsawon ƙafa goma sha biyu, wayar raga tana da nata faɗin, fallen kwano ma haka, kuma ba ya son yankan da zai bar gutsure. Keji yakan fito daidai da abin da katako biyu da fallen kwano ɗaya suka bayar. In mai saye ya zo, ba a fara da wace dabba ce ko guda nawa ba. "Yallaɓai, nawa ne a hannunka?" In an faɗa, sai ya zaro fensir daga bayan kunne ya ja layi. Wanda ya ce kejin ya yi ƙanƙanta, akan nuna masa wani babba a gefe, a faɗi kuɗinsa. Yawanci sai mutum ya sake duban ƙaramin, ya ce ai dabbar ma ba ta gama girma ba, ya tsayar da Keke Napep a ɗora masa.