Zuwa ga Mai Girma Shafin Lafiyar 'Yan Mazan Jiya, Daga Wanda Ake Tuhuma da Zama Inji

Takarda ta fito daga hannun tsohon soja, samanja mai ritaya, mazaunin Unguwar Mu'azu cikin Kaduna, zuwa ga mai girma, mai daraja, wanda ba a ganin fuskarsa sai haskensa, wato Shafin Intanet na Bayanan Lafiyar 'Yan Mazan Jiya. Gaisuwa mai yawa, da ban girma, da sarawa irin ta bariki gwargwadon yadda kafaɗar dama ta yarda ta ɗagu. Ina fata kana lafiya, domin mu dai da aka kafa ka saboda tamu lafiyar, sai godiyar Allah.

Bayan haka, ranka ya daɗe, abin da ya sa na ɗauki alƙalami tun ban karya kumallo ba shi ne abin da ya gudana tsakanina da kai daren jiya bayan sallar lisha. Likita ya sauya mini maganin hawan jini, ya ba ni wata 'yar farar ƙwaya da ake kira amlodifin, kuma ban daɗe ina sha ba sai idon sawuna ya soma kumbura, har takalmin da nake zuwa masallaci da shi ya ƙi shiga, in kuwa na danna wurin da babban yatsa sai ramin ya tsaya yana kallona kafin ya ciko. Da yake ranar da aka ba ni ta komawa asibiti da sauran nisa, da yake kuma an sha yi mana albishir cewa yanzu an huta, duk wata mas'ala da ta shafi cuta da magani da asibitocin da aka yarda mu je an tattara ta an damƙa maka amana, sai na ce bari in tafi wurin malami tun dare bai raba ba. An ɗauke wuta, wannan ban ɗora maka ba. Sabis ba ya shiga ɗakina sai na fito tsakar gida na jingina da katangar gabas, wannan ma na yafe. Data na saye ta da kuɗin goro, wanda dama likita ya hana ni.

Na rubuta lambata ta soja, wadda ko daga barci aka tashe ni zan kawo ta ba gargada, na rubuta sunana da na mahaifina, ina tsammanin a ce mini bismilla. Sai ka ce, kafin ka buɗe ƙofa, wajibi ne in tabbatar maka ni ɗan Adam ne, ba inji ba.

La haula wa la ƙuwwata illa billahi.

Ka shimfiɗo mini hoto an yayyanka shi gida tara, kowane gida bai kai faɗin farcen babban yatsana ba, ka ce in zaɓi duk inda famfon 'yan kwana-kwana yake. Ranka ya daɗe, daga Unguwar Mu'azu zuwa Kabala West, daga nan a hau baifas a faɗa Tudun Wada, idona bai taɓa sauka a kan wannan jan gajeren ƙarfe mai kunnuwa ba. Famfon da muka sani shi ne wanda ake jera wa bokitai tun asuba, shi ma sai ya ga dama. Na gwada sa'ata, ka ce na faɗi. Ka kawo kekuna, na ce alhamdu lillahi, keke dai na san shi tun kafin a haifi wanda ya ƙera ka. Sai ga gefen taya ya leƙa gidan da ke maƙwabtaka da shi, na tsaya ina ƙiyasi, shin gidan da wani yanki na taya ya shiga hukuncinsa hukuncin keke ne, ko kuwa abu kaɗan ana rangwanta shi kamar yadda malamai ke rangwanta ɗigon jinin da bai kai faɗin dirhami ba? Ina cikin wannan ijtihadi, da yana a idon hagu da tabarau mai hannu ɗaya, hoton ya dushe ya tafi, ka kawo motocin 'yan makarantar Amurka. Da na tsallake wannan siraɗi da ƙyar, sai ka ce ka aiko mini da lambar sirri ta waya, wadda za ta mutu cikin 'yan mintuna; ita kuwa ba ta iso ba sai bayan an yi mata sutura. Alhasili dai, ka yanke hukunci cewa yunƙurina ya yi yawa, ka rufe mini ƙofa.

Na bincika asalin wannan jarrabawa, domin ba na son in zargi kowa bisa jahilci. Wani Bature masanin lissafi, Alan Turing, mutumin Ingila, wanda ya yi aikin warware saƙonnin asirin Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, shi ne a 1950 ya kawo shawarar cewa in ana so a san ko inji ya yi hankali, a sa ɗan Adam ya yi masa tambayoyi ta bayan labule, a gani ko zai iya bambanta shi da mutum. A waccan mas'ala mutum ne alƙali, inji ne a gaban shari'a. Sai da zamani ya juya, masu shafuka suka ji tsoron injinan da ɓarayi ke saki suna shiga ko'ina, aka kifar da al'amarin, inji ya hau buzun alƙali, ɗan Adam ya durƙusa. Ban ƙi a yi tsaro ba, tsaro na ci abinci da shi. Amma ko ɗalibin da ya soma leƙa Tuhfatul Hukkami ta Ibnu Asim, wadda alƙalan ƙasar nan suka daɗe suna hukunci da ita, ya san cewa kawo hujja nauyin mai da'awa ne, wanda ya musa kuwa rantsuwa ce a kansa. Kai ka yi da'awar ni inji ne. To ina bayyinarka? Ina shaidunka biyu adilai? Ni ga ni da alwalata, a miƙo Alƙur'ani in dafa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da ake bukatata ba wanda ya yi wannan shakka. Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, rundunar da ba ta wuce mutum 10,000 ba ta kumbura har ta kai wajen 250,000 kafin a ajiye makamai, kuma a 1968, da na tsaya a layi a Zariya ina matashi, awon ƙirji aka yi mini da igiya, aka duba haƙora, aka ce in yi tari, aka ce na ci. Ba a nuna mini hoton keke ba. Da runduna ta ɗaya muka shiga Umuahia a watan Afrilu na 1969, kuma ɓarɓashin ƙarfen da ya shige mini cinya a wancan daji bai tsaya tambayar ko ni nama ne ko waya ba. Har yau shi ke gaya mini hadari ya haɗo tun kafin masu hasashen yanayi su farga. Mahaifina kuwa, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka ɗiba a jirgin ruwa zuwa Bama, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan, yaƙin da har yau sunayen barikokinmu ke ba da shaidarsa, Dalet a Kawo, Chindit a Zariya. A zamaninsu Hausa ce harshen bariki, Turawan hafsoshi su ne ke zama su koye ta, su ci jarrabawarta, don soja ya fahimci umarnin da zai kai shi ga ajalinsa. Ashe in za a tura mutum ya mutu an san harshensa, sai in zai tambayi yadda zai rayu ne ake manta shi.

Kai, bari in ajiye ranka ya daɗen nan, ta ishe ka haka. Na yi santiri a bakin ƙofa cikin sanyin hunturu, na yi shi a kudancin Labanan lokacin da Nijeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya bataliya daga 1978, kuma na san ƙa'idar aikin: kalmar wucewa ana sanar da na gida ita tun da rana, don in dare ya yi a tsare baƙo a bar ɗan gida ya shige. Santirin da ya tsare kwamandansa har gari ya waye, ya bar ɗan tallan gyaɗa ya wuce, gadurum ne makwancinsa. Kai kuwa aikinka ke nan kullum, kuma ba mai tuhumarka.

Ga shaida. Da na rasa yadda zan yi, sai na ta da jikata, amaryata ta wasa, 'yar aji biyar a sakandare, ta fito tana murza ido tana cewa, "Angon nawa, yau kuma da wa ake yaƙi?" Ta sa tata wayar, ta taɓa nan ta taɓa can, kafin in gyara tsayuwa ka buɗe mata ƙofa har da maraba. Yarinyar da ba ta taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a fim ɗin Indiya, ita ce 'yar mazan jiya a wurinka. To da ta shiga, sai ga komai da Turanci, ba irin na fareti da muka iya ba, irin na likitoci mai kalma ɗaya kamar jelar raƙumi, don haka dole ita ce za ta karanta ta fassara. Kumburin ƙafa ba abin kunya ba ne. Amma ina da wata tambayar, wadda ta shafi abin da ke tsare wa tsofaffin maza fitsari ya sa su zirga-zirga cikin dare, ciwon da rabin majalisarmu ke fama da shi kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Ka gaya mini, da wane baki zan furta wannan a gaban jikata? Na haɗiye ta. Sutura da Musulunci ya wajabta, da kunya da aka san Bahaushe da ita, duk ka sa an yaye, kai da ka cika shafinka da alkawarin kiyaye sirri.

Kuma me muka tarar bayan duk wannan wahala? Jerin asibitoci cikin wata takarda mai nauyi da ta lashe sauran datar, da lambar waya wadda ke ta kuka ba mai ɗauka, da hoton wani tsoho mai cikakkun haƙora yana dariya. Ƙarƙashin sunan maganina kuwa, bayan dogon sharhi, fatawa ɗaya ce: in tuntuɓi likitana. Madalla da wannan ilmi mai zurfi! Amsar da na nema a bakin masallaci na same ta bayan sallar asuba, wurin wani maƙwabcina tsohon malamin asibitin soja, wanda ya danna ƙafar ya ce wannan ƙwaya an san ta da kumbura idon sawu, kada in kuskura in daina sha da ra'ayina, in koma wurin likita a rage ko a sauya, in kuma na ji numfashi na sarƙewa ko ƙirji ya riƙe kada in jira ranar kati. Magana huɗu, da Hausa, a tsaye, kyauta.

Ni ma da sauƙi, ina da jika a gida. Abokan aikina da ba su da mai taɓa musu waya sai su tafi shagon yaran kwamfuta, su zazzage lambar soja, da lambar BVN da aka ƙaƙaba mana tun 2014, da lambar ɗan ƙasa da aka ɗaure da layin waya tun 2020, duk a tafin hannun yaron da ba su san ubansa ba. Bayan kwana biyu wani mai zaƙin murya ya bugo ya ce daga ofishin fansho yake. Kai da aka sa ka tsare mu daga ɓarayi, kai ne ke kora mu zuwa ƙofarsu. Dama ga injin tantancewa da ba ya karanta yatsun da suka sha kunamar bindiga da ƙotar fartanya, wanda kan bar tsoho tsaye a rana yana rantsuwa bai mutu ba. Jiya in tabbatar ina da rai, yau in tabbatar ni mutum ne. Gobe sai a ce in kawo shaidar an haife ni.

Abin da nake nema bai taka kara ya karya ba. Ka tambaye ni abin da soja ya sani: lambata, bataliyata, shekarar da na shiga da wadda aka sallame ni. Ka yi magana da murya, da Hausa da sauran harsunan da aka yi wa ƙasar nan yaƙi da su, yadda mai yanar ido zai saurara shi kaɗai a ɗakinsa ba da tafinta ba. Ai marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi ma tsohon soja ne, ya shekara da shekaru yana isar da saƙon bariki ga duk Arewa cikin wasan Samanja, ba wanda ya nemi lambar sirri kafin ya fahimta. In bankuna sun iya tura kuɗi ta ƙaramar waya mai tocila da 'yan lambobi kaɗan, kai ma ka iya faɗin sunan asibiti ta wannan hanya. In duk wannan ya gagare ka, ka aje mutum mai jini a jika a ofisoshin ƙungiyar 'yan mazan jiya, ya zauna da mu ya danna maka.

Ranar 15 ga Janairu tana tafe, ranar da aka ajiye makamai a 1970, wadda aka mayar ta tunawa da mu. Za a yi fareti, a busa begila, a saki fararen tattabaru a Abuja, manya su sunkuya su ajiye furanni a gaban sojan da ba a san sunansa ba. Shi ya more: ba suna, ba lamba, ba layin waya, kuma ba a taɓa cewa ya nuna keke ba. Mu da aka san sunanmu da lambarmu da kwanar gidanmu, laifinmu ɗaya ne, mun ƙi mutuwa a kan kari, muna ta tambayar magani.

Wasalam. Sarawar da na yi maka a sama na janye ta.

Samanja mai ritaya,
Unguwar Mu'azu, Kaduna.