'Yan Birenbos da Sauran Mashaida

A da, idan babur ya fara tari, sukuddireba ake nema da kunne. Oga zai durƙusa gefen kafireto, ya murɗa ɗan sukuru, ya ja totur, ya karkata kai yana saurare, ya ɗan mayar da shi baya, ya miƙe ya ce a kawo na shayi. Manyan baburan da ke shigo mana yanzu ta Kwatano da Legas, su Yamaha R1 da Hayabusa da Ducati da KTM, ba su da sukurun da za a murɗa. Tun 1980 Kawasaki ya fitar da babur mai fesa mai ta injekta, yau kuwa kusan kowane babban babur haka yake. Wani ɗan baƙin akwati ne a ƙarƙashin kujera, birenbos, ke yanke hukunci. A cikinsa akwai jadawali gida-gida da ake kira taswira, kowane gida na cewa: idan inji na juyi kaza, totur a buɗe kaza, a fesa mai kaza, fulogi ya ba da wuta a lokaci kaza.

Fetur kan ƙone tas idan ya haɗu da iskar da ta ninka nauyinsa sau 14.7. Ƙarfi kuwa ya fi fitowa idan an ɗan sakar wa inji mai, wajen 13. Kamfanoni kan matse man a wasu gidajen jadawalin don su tsallake dokar hayaƙi, musamman tun da ƙa'idar Euro 5 ta fara aiki a Turai a 2020, shi ya sa wani babur ke fizga a ƙaramin totur yana gasa wa mai shi cinya a cunkoso. A wannan 'yar tazara kasuwa guda ta ci. Akwai Power Commander na kamfanin Dynojet, akwatin da ake laƙawa tsakanin birenbos da injekta yana yi wa saƙo kwaskwarima a hanya. Akwai manhajoji irin su Woolich Racing da TuneECU da ke shiga cikin ƙwaƙwalwar kanta su sake rubutu. A hannun wanda ya san aiki, da injin gwaji a gabansa, abin yana da amfani sosai. Amma ba a kansa zan yi magana ba. Shi ba ya surutu, kuma ba kasafai ake dacewa da shi ba.

Wanda ake dacewa da shi kullum shi ne Injiniya. Ba jami'a ce ta ba shi sunan ba, abokai ne suka laƙaba masa tun ranar da ya tayar da janaretan majalisa. Ya kwana uku yana kallon YouTube, ya yi odar waya mai baki biyu, ya sauko da taswira kyauta daga intanet. Wani mutum ne ya rubuta ta a wata ƙasar sanyi, don babur na wata shekarar daban, mai wata salansar daban, mai shan wani fetur daban. Idan ka nuna masa haka sai ya dube ka da tausayi ya ce, "Ɗan'uwa, inji ai inji ne."

Rubuta wa birenbos sabon karatu aikin 'yan mintoci ne, sai dai sharaɗinsa ɗaya: kada a katse. Injiniya kuwa kwamfutarsa irin wadda batirinta ya riga mu gidan gaskiya ce, ba ta rayuwa sai a jikin soket. Koren layi ya wuce rabi, yana ta tafiya, yara sun kewaye suna leƙe, sai aka ɗauke wuta. Ya murɗa makulli. Ɗan kukan nan na famfon mai da ake ji kafin a tayar, shiru. Ya kashe, ya sake murɗawa, ya kara kunne a tanki. Shiru. Sai ya miƙe ya karkaɗe wando ya sanar da jama'a cewa babur ɗin yana sabunta kansa ne, a ba shi zuwa gobe. Bayan mako guda za ka gan shi a Panteka yana cigiyar birenbos, nan ne kuma zai ji labarin cewa a yawancin irin waɗannan babura akwatin ya san makullinsa, don haka da su biyun za a saya, har da gidan makulli. Abin da ya fi ba ni sha'awa a Injiniya shi ne wannan masifa ba ta rage masa daraja. Ƙara masa take yi. Daga ranar ya zama malami: "Kada ka kuskura ka fara da batir mai rauni. Ni na san abin da nake gaya maka."

Sarkin Ƙara shi ba ruwansa da gudu. Ya fige cikin salansa tun ranar farko, sannan ya biya kuɗi aka gyara masa taswira don babur ya riƙa harbi. A ƙa'ida, idan mahayi ya saki totur, birenbos kan yanke mai. Nasa an hana shi yankewa, an kuma jinkirta wutar fulogi, don man ya fita ɗanye ya je ya fashe a cikin bututu. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare sai ka ji tatatata daga bakin layi, tsofaffi na salati, mai shayi ya bar tukunya a wuta, karnuka sun ɗauka. Shi kuwa a ransa unguwa ce ke yi masa maraba. Ya kuma cire matatar iska, wai inji ya shaƙa son ransa, a tsakiyar hunturu, lokacin da ko mutum sai ya rufe hanci da rawani. Kafin bazara ƙura ta cinye ringi, shuɗin hayaƙi na bin sa duk inda ya yi. Tambaye shi, zai ce baƙin man ne aka cika masa da yawa.

Akwai Akanta. Wannan bai taɓa ɗora baburinsa kan injin gwaji ba, amma ya san adadin dawakansa har da ɗigo. Kwalin salansa ya ce takwas, ya rubuta takwas. Kwalin matata ya ce biyar. Mai taswira ya ce goma sha biyu. Ya tara, ya ɗora a kan abin da kamfani ya faɗa, wanda shi ma a jikin inji aka auna shi, kafin giya da sarƙa su ci rabonsu. A lissafinsa ɗan 600 ɗinsa ya wuce 1000 ɗin maƙwabci. Hujjarsa guda ce: "Jikina ya ji." Jikin nasa dai ƙara ya ji, don babur mai kuka kullum ji ake kamar ya fi gudu.

Babban abin alfaharin Akanta shi ne ya cire takunkumi. A 1999 Hayabusa ta haura kilomita 300 a awa, hankalin hukumomin Turai ya tashi, kamfanoni suka ji tsoron kada a kafa musu doka, sai suka yi yarjejeniya a tsakaninsu cewa babur ya tsaya a wajen 299. Manhaja na iya cire wannan, Akanta kuma ya cire. Yanzu saura titi. Daga ƙofar gidansa zuwa shagonsa akwai tudun rage gudu, akwai kasuwar da ta cinye rabin kwalta, akwai shingen jami'ai, akwai wata akuya da ta mayar da tsakiyar hanya ɗakin kwananta. Giya ta uku ma sai ranar Lahadi da asuba.

Sai babban gida, gidan Mashaida. Su ne masu cewa, "Wallahi tun da na saye shi bai taɓa ba ni matsala ba." Kada ka yi gardama. Zauna kawai ka saya masa lemo, ka bar shi ya yi ta magana. Can za ka ji cewa ya canza abin cajin batir sau biyu, amma wannan ai kowa ya san halinsa ne. Famfon mai ya mutu a hanyar Zariya, amma laifin mai ne. Ya kwana a Kwanar Dangora saboda wata waya ta ƙone, amma ɓera ne. An taɓa ɗauko shi a bayan a-kori-kura, amma da ma ya gaji ne ranar, yana son ya huta. Idan ka ce to duk wannan fa, sai ya ce, "Haba Malam, wannan ai hidima ce, ba matsala ba." A wurinsa matsala ita ce abin da ke samun baburan wasu.

Kada a ce halin mutanenmu ne kaɗai. A 2015 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta tambayi masu babura fiye da 11,000, ta ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari na kowane kamfani ke gamuwa da gyara kafin shekara huɗu ta cika. Yamaha 11, Suzuki da Honda 12, Kawasaki 15, Harley-Davidson 26, Triumph 29, Ducati 33, BMW 40. Da aka tambaye su ko za su sake sayen irin nasu, kashi 72 na masu Harley suka ce babu shakka, sun ma ɗara masu Honda da ke da 70, masu Yamaha kuwa, da suka fi kowa zaman lafiya, ba su kai 70 ɗin ba. Cikin ukun nan, wanda ya fi zarya gareji ya fi son abinsa. Mai Ducati ma ya wuce nan: idan nasa ya ƙi tashi da safe cewa yake babur ɗin Italiya ne, yana da rai, sai an lallaɓa shi.

A ɗakin ƙarshe na wannan gida Alhaji yake, kuma shi kaɗai ne shaidarsa gaskiya ce tsantsa. Baburinsa bai taɓa lalacewa a hanya ba, don bai taɓa hawa hanya ba. Yana nan a rumfa ƙarƙashin tamfol, yaro na goge shi duk Juma'a. Batir ya mutu, taya ta tsattsage a tsaye, man tanki ya tsufa ya zama danƙo ya toshe injekta. Amma ga fenti, sai ka ga fuskarka.

Mai wanke hannu asalinsa ɗan Amurka ne, inda garanti ke da haƙora. Shi ne mai taɓa taswira, idan inji ya fara ƙorafi sai ya mayar da ta kamfani cikin dare, ya tura babur wurin dila da fuskar marayu. Kamfanin ma ba a bar shi a baya ba. A 2016 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kama Harley-Davidson da sayar da na'urorin sauya taswira kusan 340,000 tun daga 2008, waɗanda ya ce don filin tsere kawai aka yi su. Ashe ƙasar na da 'yan tsere har haka, kowa kuma a hanyar zuwa ofis yake tserensa. Kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 12, ya daina sayar da su, ya kuma hana garanti ga wanda ya ci gaba da amfani da su. Namu na gida garantinsa a bakin ƙofar dillali ya ƙare, ba shi da kamfanin da zai yaudara, sai ya koma yana yaudarar bakanikensa. "Oga, ina cikin tafiya haka kawai ya tsaya." Oga ya ɗaga kujera ya ga wayoyi an yanke an ɗaure da leda. "Haka na saye shi, Oga."

Ƙaninsa shi ne mai ɗora wa mai laifi. Gaskiya ne a farkon 2022 an shigo da fetur mai yawan methanol daga Beljiyam, ya ɓata injuna, ya jawo dogayen layuka. Shi har yau wannan man ne ke damun baburinsa. Ba ya ambaton cewa an matso masa da wutar fulogi gaba don fetur mai daraja irin na Turai, shi kuwa a galan yake saye wurin 'yan bunburutu, a zafin Afrilu. Idan ya ja totur a hawa sai ka ji inji na ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani: man ne ke fashewa ba bisa tsari ba yana dukan kan fistin. Ya ce sarƙa ce. Ranar da injin ya buga, gwamnati ce.

Su ma masu gyaran sun kasu biyu. Tsohon Oga bai yarda da abin da ba ya iya wankewa da fetur ya busa da baki ba. Idan fitilar gargaɗi ta kama a allo, maganinta a wurinsa baƙin salatif. Ɗan zamani kuma yana da sikana. Zai jona, ya ɗaure fuska, ya danna wurin da ke goge ƙorafin, fitila ta mutu, ya karɓi kuɗinsa. Kafin ka kai shatale-tale ta dawo. Bambancinsu dai na Oga ya fi araha, ya kuma fi daɗewa.

Zan so in tsallake mai raina Boxer, amma ba zai yiwu ba. Yana kan KTM Duke 390, yana yi wa mai ɗauke da buhu uku da fasinja kallon banza a danja. Babu wanda ya gaya masa cewa nasa ma a Indiya aka haɗa shi, a Chakan kusa da Pune, a masana'antar Bajaj, gidan da ya haifi Boxer ɗin. Mai Boxer bai san taswira ba, bai san dawakansa nawa ba. Ya san ranar juye.

Ranar sayarwa kuwa wani mutum ne dabam ke fitowa daga cikin gida, sanye da farar jallabiya, carbi a hannu. An mayar da tsohuwar salansa, an wanke inji da kalanzir, an tayar da shi tun kafin mai saye ya iso don kada a ji yadda yake tashi da sanyi. Likita ne ya hau shi a Jamus, zuwa asibiti kawai. Ba a taɓa buɗe injin ba. Sayarwar ma don iyali sun matsa ne.

"Alhaji, birenbos ɗin fa, an taɓa shiga cikinsa?"

"Ni? Yallaɓai, ni ko kati sai yara sun sa mini a waya."

"To wannan jar wayar da ke leƙowa ta ƙarƙashin kujera fa?"

"Ta caji ce. Kyauta zan bar maka ita."