Masu Gyaran Labari da Masu Karatun Dodo a Greensboro

Greensboro, a jihar Karolina ta Arewa, gari ne da gajeren labari ya samu gindin zama. Nan aka haifi O. Henry a 1862, nan ya yi yaron kantin magani wajen baffansa tun kafin duniya ta san alƙalaminsa. Garin kuma cike yake da 'yan Nijar, har Hausa da Zabarmanci ba baƙin harsuna ba ne a wasu shagunansa. To, idan watan Oktoba ya kama, Amurkawa suka rataye ƙwarangwal na roba a ƙofar gida, mukan haɗu a falon wani ɗan'uwa, a ɗora shayi, a karanta tsofaffin labaran ban tsoro, kowa kuma ya fito da nasa a gyara masa. Ga irin mutanen da wannan zama ke tarawa.

Na farko Malam Goge-Goge. Shekara uku yana kan labari mai shafi huɗu. Da safe ya sa waƙafi, da yamma ya cire. Layin farko ya sha wanki har ya koɗe, na ƙarshe kuwa ba a haife shi ba tukuna. Ka tambaye shi yaushe za a gani, ya ce, "Saura ƙiris." Yaron da aka raɗa wa suna ranar da ya fara rubutun yanzu yana iya ƙirga goma.

Kishiyarsa shi ne Alhaji Ba-A-Taɓa-Mini. Shi labarinsa saukakke ne, ko ɗigo ba a cirewa. Ka nuna masa cewa maigadin da ya mutu a shafi na biyu ga shi yana cin tuwo a shafi na biyar, sai ya gyara hula ya ce, "Ai nan ne abin tsoron, Malam." Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma wa zai gaya wa Alhaji?

Sai Sarkin Juyi, almajirin O. Henry. Tun da ya karanta labarin nan na 1905, inda mace ta sayar da gashinta ta sayo wa mijinta sarƙar agogo, shi kuma ya sayar da agogon ya sayo mata matajin kai, ya rantse labari bai cika ba sai an yi wa mai karatu taɗiya. A nasa, aljanin liman ne, limamin akuya ne, akuyar kuma mafarki ce. O. Henry sau ɗaya yake juyi. Shi Sarki sai ka yi jiri.

Akwai Hajiya Hasken-Rana. Ita ce ta fi kowa son Edgar Allan Poe, amma ba ta buɗe shi sai da azahar, taga a buɗe, fitila a kunne. Ranar da ta karanta labarinsa na 1843, na wanda ya kashe tsoho ya binne shi ƙarƙashin katakon ɗaki sannan ya riƙa jin bugun zuciyarsa, ta kwana tana tofa addu'a a kusurwa huɗu. Da gari ya waye aka gane firji ne ke ƙara. Mako mai zuwa ita ce ta fara zuwa, da wani littafin a jaka.

Ga kuma Ɗan'uwa A-Garinmu. Ba a taɓa karanta abin da ya burge shi ba. "Wannan ne tsoro? A garinmu wajen Tasawa akwai wata tsamiya…" Daga nan sai mayu, sai iskoki, sai mace mai kofaton jaki a kan hanyar kasuwa. Gaskiya labaransa sun fi na kowa daɗi, illa dai bai taɓa rubuta ko ɗaya ba. Kuma in an tashi da dare, shi ne ke cewa a ɗan raka shi bakin mota, wai hira ce ba ta ƙare ba.

Na ƙarshe Malam Darasi. Kowane dodo a hannunsa sai ya tuba. Shafi ɗaya na tsoro, uku na nasiha. Kafin aljanin ya gama fitowa daga rijiya an riga an sanar da mai karatu illar yawon dare.

Dukkansu kuwa malami ɗaya ya ishe su, wato W. W. Jacobs da labarinsa na hannun biri, na 1902. Tsoho ya samu hannun biri mai biyan buƙata uku, ya roƙi fam 200, kuɗin suka zo a matsayin diyyar ɗansa da inji ya niƙe. Uwa ta matsa aka roƙi dawowar ɗan. Cikin dare aka fara ƙwanƙwasa ƙofa. Uban ya yi roƙo na uku, aka buɗe, babu kowa. Jacobs bai nuna mana abin da ke bayan ƙofar ba, shi ya sa bayan shekara fiye da 120 gashin jiki ke tashi. Da Alhaji ne, da gawar ta shigo an ba ta kujera. Da Malam Darasi ne, da ta yi wa'azi.

Fred Chappell, wanda ya shafe shekara 40 yana koyar da rubutu a jami'ar garin nan, bai ga ƙasƙanci a labarin tsoro ba: a 1968 ya fitar da nasa, Dagon. Saboda haka ba wasan yara muke ba, ko da shayin ne ya fi rubutun yawa.

Ni kuwa da nake zayyana su, na ɗan taɓa halin kowa, sai dai Goge-Goge ya fi kama da ni. Hukuncina ɗaya ne: mai gyaran labarin tsoro ya riƙe almakashi, ya yanke inda ya fi yin bayani, ya bar ƙofa a rufe. Dodon da aka fito da shi rana tsaka, yara ne ke binsa da jifa.