Shukar Maris a Nassarawa

Ina da ƙara a kan watan Maris, ko in ce a kan mu da muke ɗora masa aikin da ba nasa ba. Da zarar hazon hunturu ya ɗauke, wani zazzaɓi kan kama masu gida a Nassarawa GRA, daga Sultan Road har Lamido Crescent. Alhaji ya kalli wani Bature a YouTube yana cewa sanyi ya wuce, a fito shuka, sai ya manta mutumin nan daga Ingila yake magana, inda Maris ke zuwa da yayyafi. Namu Maris ƙofar bazara ne, a Afrilu kuwa zafin Kano kan haura digiri 40. Turawan da suka shata unguwar nan bayan cin Kano a 1903 sun bar mana faffaɗan fili a gaban kowane gida, amma da za su tafi sun tafi da ruwan samansu.

Yadda abin ke gudana ba ya canzawa. A ciko bayan mota da fulawa daga masu sayarwa a bakin titi, a kira mai lambu ya dasa ciyawa, a zuba taki, a ɗauki hoto. Kafin mako ya zagayo, koriyar ciyawa ta koma kalar ƙosai. Gara ta gane an kawo mata abinci har gida, ragon da ake kiwo a baya ya tsinke igiya ya yi buɗe-baki da fulawar da ta fi tsada. Maigadi, wanda aka ɗauka don tsaron ƙofa, ya wayi gari injiniyan ban-ruwa, ya ja tiyo da ƙarfe biyun rana yana kwarara wa tsiro ruwan da rana ta riga ta dafa a tanki. Da yamma Hajiya ta murɗa famfo, ko ɗigo babu, ta leƙo ta ce, "Alhaji, yau ma ciyawarka ce ta yi mana wankan?"

Na san za a ce ai akwai burtsatse. Akwai, amma ruwa ba ya hawa tanki da ƙafarsa: sai wuta, in babu sai janareto, janareto kuma sai mai. Ga shi a daidai lokacin ne rijiyoyi ke ja da baya, 'yan garuwa su ƙara wa jarka kuɗi. Wani zai kafa mini hujja da masu noman rani na Kadawa da Kura, ya ce ai su ma ba ruwan sama suke jira ba. To, waɗannan shaiduna ne. Ruwan madatsar Tiga ke biyo magudanai ya same su har gona, amma duk da haka cikin sanyin hunturu suke renon tumatir, don sun san zafi na kakkaɓe masa fure. Shi ya sa kwando ke tsada a 'Yankaba wajen Mayu da Yuni. Mai madatsa guda yana tsoron Afrilu, ina ga mai tiyo?

Ba ina cewa a bar gida ya zama fako ba ne. Bazara tana da nata aikin, kuma manomi ya daɗe da saninsa: a share busasshen ganye, a kai taki, a kai fartanya maƙera, sannan a jira ruwan shuka wajen Yuni. In inuwa ake so ga darbejiya da mangwaro, in shinge ne ga lalle, zogale kuwa ya jure ƙishi kuma ya ba ka kwaɗo. Wanda ya rantse sai koriyar ciyawa, ya yi haƙuri zuwa Agusta. Za ta fito masa kyauta har cikin kwata, sannan ya biya kuɗi a nome ta.