Rukunonin Masoyan Disney da Gardamar Awarwaron Dala Biliyan Ɗaya

Dandalin shaƙatawa na zamani, wato makeken filin da ake kewayewa a cika shi da lilo da jiragen wasa da gidajen kallo, a kuma tsara kowane sashe nasa bisa wani labari ko wani fim, ya samo siffar da aka san shi da ita ne daga Disneyland, wanda Walt Disney ya buɗe a garin Anaheim na jihar Kalifoniya a watan Yulin 1955, kafin kamfaninsa ya buɗe Walt Disney World kusa da Orlando a jihar Filorida a 1971. Ban da miliyoyin da ke zuwa su kashe kwarkwatar ido su koma gida, wuraren biyu sun tara wata jama'a ta daban, masoya na haƙiƙa, waɗanda suka mayar da sanin wurin ilimi, suka kuma mayar da gardama a kansa sana'ar da babu mai biyansu.

Wata gardama da ta daɗe a tsakaninsu ta taso ne a watan Janairun 2013, lokacin da kamfanin ya sanar da tsarin MyMagic+, wanda jaridu suka ruwaito cewa ya laƙume kimanin dala biliyan ɗaya. Ginshiƙin tsarin shi ne MagicBand, wani awarwaron roba mai ɗauke da ƙwayar na'ura da ke magana da wasu na'urori ta igiyar rediyo, wanda mai ziyara zai ɗaura a hannu ya zame masa tikitin shiga da mabuɗin ɗakin otal da kuma jakar kuɗi, tare da FastPass+, wato damar kama gurbi a layin lilo uku tun mutum bai bar gidansa ba. Tambayoyi biyu ne suka raba kan masoyan: ko wannan kuɗi ya dace a zuba shi a na'ura maimakon sabbin abubuwan hawa, da kuma ko kamfanin yana ganin ƙimar wanda ya daɗe yana zuwa. Mai nazarin ɗabi'a zai tarar cewa amsoshin ba su kai masu bayar da su ban sha'awa ba.

Na farko da ake cin karo da shi shi ne Akawun Sa-kai, mutumin da bai taɓa ganin littafin lissafin kamfanin ba amma ya haddace shi, kuma a wurinsa dala biliyan ɗaya ba kuɗi ba ce, mudu ce da ake auna lilon da ba a gina ba. Hujjarsa da ba ya gajiya da ita ita ce abokin hamayya Universal, wanda ya buɗe sashen Harry Potter a Orlando a 2010 jama'a suka yi ca a kansa, alhali Disney, a faɗarsa, ta tafi sayen abin hannu kamar mai haɗa lefe. Idan aka ba shi dama sai ya zarce kan dodon ƙanƙara na cikin jirgin Expedition Everest na Disney, wanda aka buɗe a 2006, dodon da ya daina motsi bayan ɗan lokaci aka riƙa haska masa fitila mai walƙiya domin a zaci yana motsawa, har masoya suka yi masa laƙabi da dodon disko. Ranar farin cikin Akawu ta zo a 2021, shekarar da aka daina ba baƙin otal awarwaron kyauta, aka kuma ba wayar hannu damar yin mafi yawan aikinsa. Tun daga nan yake tunatar da kowa cewa ya faɗa, ko da ba a tambaye shi ba. Abin da ba ya faɗa shi ne cewa a aljihun teburinsa akwai awarwaro masu launi iri-iri da ya saya da kuɗinsa.

Wanda ya fi kowa ciwon zuciya a wannan gardama shi ne Ɗan Gida, wato mai katin shekara, wanda ke biyan kuɗi dunƙule sau ɗaya domin ya riƙa shiga tsawon wata goma sha biyu. Yawanci mazaunin Kalifoniya ne ko Filorida, yakan leƙa dandalin da yamma bayan an tashi aiki kamar yadda wani zai leƙa majalisar ƙofar gida, ya san ma'aikata da fuska, ya san bencin da inuwa ke sauka a kansa da la'asar, ya kuma san cewa wuraren sayar da abinci na ba da kofin ruwan ƙanƙara kyauta ga wanda ya nema. Ya zo da burodinsa a jaka, domin dokar wurin ba ta hana shiga da abinci ba, kuma ba ya kwana a otal tunda gadonsa na nan kusa. Duk wannan a idonsa shaida ce ta amana da zumunci, amma a idon masu lissafi na kamfanin hoto ne na mutumin da ke cika layi ba ya cika akwatin kuɗi. Hausawa kan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, sai dai a wannan kasuwa raɓar ce ake shimfiɗa wa darduma. A watan Agustan 2020 shugaban kamfanin na lokacin, Bob Chapek, ya bayyana wa masu hannun jari cewa mai tasowa daga nesa ya kwana biyar zuwa bakwai ya ɗan fi mai katin shekara amfani ga ciniki, tunda shi mai katin ba ya sayen kaya da abinci da yawa. Ɗan Gida ya riƙe wannan magana kamar gorin kishiya, kuma kafin ya huce sai Disneyland ta soke katin shekara baki ɗaya a Janairun 2021, ta dawo da shi a watan Agusta da sunan Magic Key, tare da sharaɗin sai mutum ya nemi gurbi kafin ya zo. Waɗanda suka sayi mafi tsada a kan dala 1,399 bisa alkawarin babu ranar da za a hana su, suka tarar da ranaku da yawa babu gurbi, suka kai ƙara kotu, aka sasanta a 2023 a kan dala miliyan 9.5, abin da ya kai kimanin dala 67 ga kowane mutum. Ba a buƙatar dogon bincike kafin a gane inda da yawansu suka kashe wannan diyya.

Kusa da shi akwai Magajin Marigayi, wanda ba shi da dangantakar jini da Walt Disney amma ya ɗauki nauyin faɗin abin da zai so da wanda zai ƙi, duk da cewa mamacin ya rasu tun Disamban 1966, shekara biyar kafin a buɗe dandalin Filorida. A duk lokacin da aka ƙara farashi ko aka kawo sabuwar manhaja, sai Magaji ya sanar cewa da marigayi na raye da ba a yi ba, musamman batun biyan kuɗi daban domin a tsallake layi. Tarihi bai cika taimakonsa ba, domin a zamanin Walt ɗin kansa kuɗin shiga daban ne na hawa daban, ana sayar da ɗan littafin tikiti mai haruffa daga A zuwa E, inda E ke nufin abubuwan da aka fi rububi, kuma ba a daina wannan tsari ba sai 1982. Idan aka tunatar da shi haka yakan amsa cewa wancan da niyya mai kyau aka yi shi. Matsalarsa ta biyu ita ce abokan gardamarsa ma suna da nasu magajin, wanda ke tabbatar da cewa marigayi masoyin sabuwar fasaha ne kuma da shi zai fara ɗaura awarwaron, ta yadda mamaci ɗaya yake ba da fatawa biyu masu karo da juna a zama guda.

Sarkin Tsari shi ne ya ci moriyar na'urar fiye da kowa, saboda haka yake kare ta da dukan ƙarfinsa. A zamanin FastPass+, baƙon otal na Disney yana iya kama gurbinsa kwana 60 kafin zuwa, saura kuma kwana 30, kuma akwai lokacin da ake kama teburin cin abinci tun da sauran kwana 180, wanda ke nufin sai magidanci ya yanke shawarar abin da iyalinsa za su ci da rana wata shida kafin yunwar ta zo. Wannan bai dame shi ba, hasali ma a nan sarautarsa take, domin yana da jadawali mai launi-launi da ya ƙayyade har lokacin zagayawa, kuma iyalinsa kan dawo daga hutu suna neman hutu. Da aka soke FastPass+, wanda kyauta ne, aka kawo Genie+ a dandalin Filorida a Oktoban 2021 a kan dala 15 kowace rana ga kowane mutum, wanda a lokacin sai ƙarfe bakwai na safe ake fara kama gurbi a cikinsa, Sarki ya yi kuka kamar wanda aka tuɓe wa rawani, sannan ya saita agogo ya ƙware a sabon, aka sake canza shi a Yulin 2024, ya sake zama ɗalibi. Yakan ratsa ta gaban fadar da mutane suka tsallako teku domin su gani, kansa a sunkuye yana latsa waya.

Ɗan Kore ba ya buƙatar dogon bayani: yana da hannun jari ƙwaya biyar a kamfanin, yana magana da sigar masu gida, kuma amsarsa ga kowane koke ita ce tunda layi bai ragu ba to farashi bai yi yawa ba. Abin haushin shi ne sau da yawa lissafinsa daidai ne.

Mai Yaji kuwa ya samo sunansa ne daga matar da ke kwashe kayanta ta tafi gidansu tana jiran biko. Ya yi rantsuwar rabuwa da Disney lokacin da tikitin yini ɗaya na Magic Kingdom, ɗaya daga cikin dandalolin Walt Disney World, ya haura dala 100 a 2015, ya sake yi da aka daina motar Magical Express mai ɗauko baƙi kyauta daga filin jirgi a ƙarshen 2021, kuma kowace rantsuwa tana zuwa da sanarwar cewa ya koma Universal, inda yakan tarar cewa tsallake layi a can ma da kuɗi ne, kuma tun kafin Disney ta fara. Buɗe sabon dandalin Universal mai suna Epic Universe a Mayun 2025 ya ba shi sabon gidan iyaye, amma bikon da yake jira bai taɓa zuwa ba, domin babu wanda ya lura ya fita. Sabo turken wawa, in ji masu magana. A Janairun 2022, da aka fito da wani bokitin guggurun masara mai siffar wani ɗan dodo mai suna Figment a dandalin Epcot na Walt Disney World a kan dala 25, mutane suka yi awanni a layi, kuma da wuya a ce babu masu yaji a cikinsu.

Akwai mutum guda da duk wannan gardama ke kewayawa a kansa alhali bai san ana yinta ba, shi ne Baƙon Sau Ɗaya, magidancin da ya yi shekaru yana tari domin ya kawo 'ya'yansa daga wata jiha ko daga Birazil ko Ingila. Yana kwana a otal ɗin kamfani, yana cin abincin kamfani sau uku a rana, yana saya wa kowane yaro hula mai kunnuwan ɓera, kuma duk abin da manhaja ta ce a biya sai ya biya, saboda ba shi da jiya da zai kwatanta da yau, ba ya kuma so a ce tsumulmularsa ce ta hana yara hawa abin da suka zo dominsa. Awarwaron ya fi dacewa da shi, domin kuɗin da ke fita ta hanyar taɓa hannu a jikin na'ura ba ya zafi kamar wanda aka ƙirga aka miƙa. Da rana ta take, yakan tsaya a mararraba yana jujjuya waya bai gane gabas ba, kuma wanda ke tasowa daga benci ya nuna masa hanya, ya faɗa masa layin da ya fi gajarta da inda ake samun ruwan ƙanƙara kyauta, har ma ya ɗauke shi hoto da iyalinsa, shi ne Ɗan Gida, da burodinsa a jaka.