Fetur Ya Yi Tsada, Laifin Wa?

A teburin mai shayi a Dangoma, kowa ya san mai laifi, sunan ne kawai ke sauyawa. Ɗan PDP ya ce Tinubu ne: ranar 29 ga Mayu, 2023 ya cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta doshi 500. Ɗan APC ya ce Atiku ma ya yi alkawarin cirewa. Wani dattijo ya tuna musu 2012, lokacin Jonathan ke cirewa, masu cirewar yau ke ihu. Aka yi tsit, aka kurɓi shayi.

Ɗan kabu-kabu ya taka mashin ya ce, "Alhaji, ko wace jam'iyya kake, zuwa Kalgo kuɗin ya ƙaru."

Shi ya ci muhawarar.